504 ɗin da Baba ya bari: a tashe ta ko a sallama wa masu kilo?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ta gaskiya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Peugeot 504 doguwa, mai layi uku na kujeru, haɗin Kaduna. Da ita ya yi jigila tsakanin Maraɗi da Katsina shekara da shekaru, da kuɗinta aka yi mana lakkol. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da shi take ajiye ƙarƙashin rumfa, yau shekara 9 ba a murza mata lakile ba. Da aka zo rabon gado ta faɗo kaina, ita da akwatin kayan aikinsa. Masu sayen ƙarfe sun taya jaka 150. Yayyena sun ce in karɓa, in cika in sayi babur. Ni kuwa duk lokacin da na buɗe ƙofarta sai in ji kamar yanzu ya sauka. Tana tasuwa, ko ɓarnar kuɗi zan yi?

Baba Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, kafin komai: kada ka ɗaura mata batiri ka ce za ka gwada. Kada ka bari wani yaro ya yi. Injin da ya kwana shekara 9 mai ya gama tsiyayewa daga sama, in ka murza shi a bushe ka karce cikinsa, aikin kwana biyu ya koma na wata. A cire buji huɗun nan, a ɗiga mai cikin kowane rami, a bar shi ya kwana biyu ko uku. Sannan a kama goron gaban inji da kile a juya da hannu, a hankali. In ya juya, motarka na da rai. Tankin a sauke shi a wanke, man da ke ciki ya riga ya zama ƙaro. Robobin birki da man birki duk a canza, ba a ciniki a nan. Tayoyi kuwa ko da zanensu na nan kamar sababbi, ka duba gefe akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Za ka ga sun tsufa.

Direban Dakwaro: Allah ya jiƙan rai. Amma Baba, a faɗa ma yaro gaskiya. Ya tashe ta ya yi me da ita? Wa ke shiga 504 yanzu a tasha? Fasinja na ganin Hiace ba ya waiwayarta. Ga shan mai. Zamanin da ake sayen ruwa-ruwa a kwalba kamar kyauta ya wuce tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ni shawarata ya sayar.

Baba Mai Gareji: Ai bai ce zai yi haya da ita ba, direba. Ka sake karanta maganarsa.

Mai Kayan Gyara: Ta wajen kaya kada ka ji tsoro. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma ya ci gaba da haɗa 504 shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina, har cikin shekarun 2000. Shi ya sa kayanta suka cika Kano da Katsina, sababbi da na kwance. Abin da ke wuya shi ne jiki: gilasai, fitilun baya, robar ƙofa. Ka leƙa ƙarƙashinta ka ga ko tsatsa ta ci daɓen. In daɓe lafiya lau ne, sauran mai sauƙi ne.

Ɗan Bagalam: Na gode iyayena. Na leƙa, tsatsa kaɗan ce wajen ƙafar direba. Akwatin kuma ga abin da ke ciki: kile-kile masu rubutun Facom daga 8 har 24, babu 13 kawai, filaya biyu, abin cire buji, da wani dogon kile mai lambobi a mariƙinsa wanda ban san aikinsa ba.

Baba Mai Gareji: Allahu akbar. To wannan akwatin ko motar ka sayar kada ka sayar da shi. Dogon nan da ba ka sani ba shi ne kile mai awon ɗauri. Kana saita shi a kan lambar da ake so, in ƙusa ta kai ƙarfin sai ya yi ƙas, ka tsaya. Mahaifinka ya san mota. Bari in gaya maka dalili. Injin 504 gindinsa baƙin ƙarfe ne, kansa kuma sanholo. Ƙarfe biyu ne da zafi ba ya buɗa su daidai. In ka ɗaure kan inji da ƙarfin damtse, wata ƙusa ta fi wata, sai ya ɗan karkace, abin da ido ba ya gani. Bayan wata biyu ruwa ya fara shiga mai, a ce motar ce ba ta da kyau. Kuma hannayen rigar da fistan ke gudu ciki zarewa suke, ba a haɗe suke da gindin ba. Wannan shi ne daɗinta, don in sun cinye sai a zare a sa sababbi, inji ya koma yaro. Amma wanda bai sani ba in ya ɗaga kai da garaje ya motsa su, ya jawo yoyo daga ƙasa. Na ga 504 da yawa da aka kashe a garin nan, kuma hannu ne ya kashe su, ba hanya ba.

Shi kuwa 13 da ya ɓata, ba mamaki. Motar Faransa da ta Jamus 10, 13, 17, 19 suke ci. Ta Japan 10, 12, 14, 17. Duk mai Peugeot 13 ɗinsa ke fara ɓata don kullum yana hannu.

Hajiyar Zariya: Baba ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Starlet ɗina shekara 14 tana hannuna, da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa sari. Bara na kai ta wani gareji, ba zan faɗi suna ba, don a canza mai kawai. Yaron ya sa kile mai laushi irin na tebur, ya cinye kan ƙusar ƙasa, daga nan ya ɗauko guduma da kurfi. Aikin jaka 2 ya tashi jaka 25, kuma kwana uku ina hawan kabu-kabu. Tun ranar in zan ba da mota sai na kalli kayan aikin mutum tukuna.

Mai Kayan Gyara: Hajiya, laifin namu ne mu duka. Ina ajiye kile mai kyau da mai araha. A cikin mutum goma, tara mai arahar suke ɗauka, har da masu gareji. Kowanne an rubuta mishi sunan ƙarfe mai kyau a jiki, rubutu ba ya tsada. Ka ɗora shi a kan ƙusa, in yana girgiɗi ka ajiye. Araha ba ta ado.

Direban Dakwaro: Wannan gaskiya ne. Ni Land Cruiser nake ja, mai injin 1HZ, silinda 6, lita 4.2, gazuwal. Ba kwamfuta, ba komai. Cikin rairayin arewacin Dakwaro in ta tsaya, da kile 10, 12, 14, 17 da tsinken waya nake tashe ta. Shi ya sa ban yarda da motocin yanzu ba. Wata ƴar fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai baliz, wato akwatin kwamfutar da ke binciken ciwon mota, ya jona. A daji ina za ka samo shi?

Ɗalibin Lantarki: Kawu, da girmamawa, baliz ɗin nan ba tsafi ba ce. Inda ake jona ta rami ne mai baki 16 ƙarƙashin sitiyari, iri ɗaya a kusan kowace mota. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai ta bi a 2001 ga motocin fetur. Akwai ƙaramar na'ura da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, kana jonawa ta turo maka lambar matsalar a wayarka. Tana shiga aljihu, tana zuwa daji. Abin da ya rage shi ne mutum ya iya karanta abin da ta ce. Ita ma kile ce, ta wannan zamanin.

Baba Mai Gareji: Yaron nan bai yi ƙarya ba. Na sayi ɗaya shekara huɗu da suka wuce, ɗana ke karanta mini. Sai dai ta kan ce maka ga inda ke ciwo, ba ta ce maka ga abin da ya kawo ciwon. Ta ce na'urar iska ta lalace, ka canza, alhali ɓera ne ya ci waya. Kunne da hanci ba su yi ritaya ba.

Tsohon Ɗan Agadas: Ina bin ku tun ɗazu. Ɗana mai 504, ka san motar da ke gidanku jinin ƴan tsere ce? Ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ta sake ci a 1978 da samfurinta mai silinda 6. Yayarta 404 ta ci sau huɗu a shekarun 1960. Dogayen ƙafafun nan nata da ke shanye gargada, su suka sa ta zama motar Afirka.

Ni a Agadas na tashi, na ga gasar tseren motoci ta Paris-Dakar da idona. Thierry Sabine ya fara ta, suka bar Paris ranar 26 ga Disamba 1978, kuma tun karon farko ta bi ta Agadas da Yamai. In sun zo hutu garin ba a barci. Filin jirgi ya cika da tantuna, makanikai na sauke inji cikin dare da fitila, mu yara muna tsaye muna kallo har asuba. Can na fara ganin an canza akwatin giya cikin lokacin da bai kai na shan shayi uku ba. A 1987 na ga Peugeot 205 ruwan ɗorawa ta Ari Vatanen, wadda ta ci gasar shekarar. Ƙararta har yau tana kunnena. Masu masauki, masu sayar da takobi da azurfa, masu ja-gora cikin hamadar Tenere, kowa ya samu. Shi Sabine jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, kuma a gindin wata bishiya cikin Tenere aka watsa tokarsa.

Hajiyar Zariya: Alhaji, ba na musu da abin da ka gani. Amma a faɗi ɗaya gefen. Gasar nan ta take mutane a ƙauyuka, har da yara. A 2006 kaɗai yara biyu suka mutu, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. Uwar da aka kashe wa ɗa ba ta san wa ya zo na ɗaya ba.

Tsohon Ɗan Agadas: Haka ne Hajiya, kuma ban manta ba. Gudu cikin gari ko ƙauye zalunci ne, ko Bature ya yi ko ɗanmu. Gasar ta bar mu ma daga baya. A 2000 daga Yamai aka kwashe motocin a jirgi zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke ta gaba ɗaya, ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma tana Saudiyya. Suna kawai ya rage na Dakar.

Ɗalibin Lantarki: Tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ke raina. Dakar ta 2024 Carlos Sainz ya ci, yana da shekara 61, da Audi RS Q e-tron. Wannan motar lantarki ke juya tayoyinta. A rairayi, Kawu direba, irin naka.

Direban Dakwaro: To da wace wuta ta yi caji cikin hamada?

Ɗalibin Lantarki: Tambayar na kan hanya, kuma ba zan ɓoye ba: tana ɗauke da injin fetur a cikinta, amma ba ya taɓa taya, aikinsa janareto ne, yana cika batiri tana tafiya.

Direban Dakwaro: Ka gani. Ashe dai sai da mai.

Ɗalibin Lantarki: A doguwar tafiya, e, har yanzu. Amma a gajeren fili labari ya sha bamban. Akwai dutsen Pikes Peak a Amurka, hawa ne na kusan kilomita 20, mai lanƙwasa 156, ƙarshensa ya haura mita 4,000. A 2018 Romain Dumas ya hau shi da Volkswagen ID.R mai batiri zalla cikin minti 7 da daƙiƙa 57, ya karya tarihin duk masu fetur. Dalili biyu ne. Injin mai iska yake shaƙa, in an hau sama iska ta yi ƙaranci sai ƙarfinsa ya ragu, shi kuwa na lantarki ba ruwansa. Na biyu, na lantarki yana ba da dukkan ƙarfin juyinsa tun daga tsaye, ba jiran inji ya ɗau zafi, ba canjin giya. Fitowa daga kwana kamar an harba gwafa. Kuma in ka ɗaga ƙafa injin ya koma janareto, yana rage gudu yana mayar da wuta cikin batiri.

Inda motar lantarki take da rauni ma zan faɗa. Nauyi da zafi. Batiri na da nauyi ƙwarai, taya da birki ke biyan kuɗin a kowace kwana. Kuma in aka matsa mata zagaye bayan zagaye batirin ya yi zafi, sai kwamfutar ta rage ƙarfi da kanta don kada ya lalace. Motar da ta bar kowa a zagayen farko sai ka ga ana wuce ta a na biyar. Lokacin da aka fara gasar Formula E ta motocin lantarki a Beijing a 2014, direba sai ya sauka a tsakiyar tsere ya shiga wata mota, don batiri ɗaya ba ya kai ƙarshe. A 2018 aka daina haka. Cikin shekara huɗu ke nan. Gasar kuma an yi ta a Marrakesh, an yi ta a Cape Town.

Baba Mai Gareji: Zafin nan da ka ambata shi ne tambayata. Mu nan watan Afrilu da Mayu ana wuce 40 a inuwa. Batirin waya ma kumbura yake. Ya za ta yi da mu?

Ɗalibin Lantarki: Masu kyau suna da ruwan sanyaya batiri, kamar yadda injin mai ke da lagireto. Waɗanda iska kawai ke sanyaya su, irin Nissan Leaf ta farko, su ne zafi ke saurin cinye wa batiri. In ƴan kasuwarmu suka fara kwaso tsofaffin irin waɗannan daga Turai don araha, mutane za su yi kuka, a ce lantarki ne ba shi da kyau.

Direban Dakwaro: Ka bar zafi, ka yi maganar wuta. Kun manta watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layi? Wata nawa muka yi ana raba wuta kamar rabon tsaba? Mai firiji bai samu ba, sai mai mota? Daga nan zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne. A Konni zan yi caji ko a Dogon Dutsi?

Ɗalibin Lantarki: Yamai ba yanzu ba, na yarda. Amma yi lissafin Hajiya. Motar lantarki ƙarama na cin wajen kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100. In tana yin kilomita 30 a yini cikin gari, 5 ko 6 take buƙata. Faifan sola mai wat 500 a ranarmu yana ba da wajen 2 da rabi a yini. Faifai uku sun ɗauke ta. Rana kuwa ba a yanke mana ita daga ƙetare. Kuma Kawu, man ma ai ya yi mana layi a watan Maris na 2025, ga matatar Damagaram a gida.

Hajiyar Zariya: Lissafin ya yi mini. Amma in ta lalace wa zai taɓa ta? Yaron da ya cinye mini ƙusa?

Baba Mai Gareji: Hajiya kin kai inda nake so a kai. Wannan shi ke hana ni barci, ba gudunta ba. Batirin da muka saba volt 12 ne, yara na gwada shi da tsinken waya suna ganin tartsatsi. Na motar lantarki 400 ne, wasu 800. Ba ya ba da dama ta biyu. Wayoyinta masu haɗari launin ruwan goro ne, kuma ba a kusantarsu sai an cire abin yanke wuta, an jira, an auna an tabbatar, da safar hannu ta roba da kile mai rufi wanda aka yi don volt 1,000. Masu haɗa mai da batiri irin Prius sun riga sun shigo garin nan, kuma na ga yaro ya kai hannu wajen wayar nan da kile tsirara, sai da na daka mishi tsawa. Motocin za su zo ko muna so ko ba mu so. Habasha ta riga ta hana shigo da ƙananan motocin mai tun 2024, a Kwatano da Lome babura masu batiri na kabu-kabu. Ina da yara 11 a gareji. Ina so wani ya zo ya koya musu awon wuta kafin a kawo mini gawar ɗaya. Ɗalibi, in da gaske kake, ƙofata a buɗe take.

Ɗalibin Lantarki: Da gaske nake Baba. Zan zo da mita. Ni ma ban taɓa buɗe karbireta ba, sai ka nuna mini.

Tsohon Ɗan Agadas: Ni kuma abin da nake roƙo, masu faɗa a ji su samar wa matasanmu fili. Duk ɗaurin aure sai ka ga yara na juya mota da babur a tsakiyar titi, ƙura ta tashi, wani ya karye, wani ya tafi ke nan. Sha'awar ba za ta mutu da duka ba. Kokowa na da filinta, ga na Kantu nan, ɗan kokowar da ya ɗauki takobin farko na gasar ƙasa a 1975. Sukuwa na da nata. A keɓe wuri bayan gari, a sa hular kwano da bel, a tsayar da motar asibiti, mai son gudu ya je can ya gwada kansa da agogo.

Hajiyar Zariya: In dai za a raba su da ƙofar gidajenmu, na sa hannu.

Ɗan Bagalam: Salam. Na dawo da labari. Na yi yadda Baba ya ce, na ɗiga mai tun ranar Talata. Yau bayan la'asar na kama goron da kile, da farko ya ƙi, na ɗan jijjiga shi gaba da baya, sai ya saki. Ya zagaya sau biyu cif. Innarmu na tsaye bakin ƙofa tana kallo, ba ta ce komai ba, ta koma ɗaki. Na gaya ma yayyena ba zan sayar ba. Zan riƙa gyara ta kaɗan-kaɗan yadda albashi ya ba da hali, birki da tanki tukuna.

Direban Dakwaro: To, tun da ta juya, na janye. Ina gari ran Asabar, zan zo da igiya in ja maka ita har garejin Baba. Ka nemo tayoyin aro guda huɗu, kada mu ja ta a kan waɗancan.

Mai Kayan Gyara: Akwai kile 13 na Facom a wajena, na hannu ne amma lafiyayye. Na ajiye maka.

Baba Mai Gareji: Ku zo da hantsi kafin rana ta yi. Ɗana, ka taho da akwatin gaba ɗaya, kuma dogon kilen nan ka mayar da shi kan ƙaramar lambarsa kafin ka ajiye, kada ƙarfen cikinsa ya gaji. Birkinta ba ya kamawa, saboda haka da sanda za a ja ta, ba da igiya ba. Direba, akwai ɗaya a wajena, ka biyo ka ɗauka.